Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Gwamnati da Majalisar Dokokin Jihar Gombe: A Sa Ido a Kan Gidajen da Ake Ajiye Tsofaffi

Mai Girma Gwamnan Jihar Gombe, Alhaji Muhammadu Inuwa Yahaya,
Mai Girma Shugaban Majalisar Dokokin Jiha da sauran 'yan majalisa,
Masu girma kwamishinonin da lafiya da walwalar jama'a ke hannunsu,

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Allah Ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku. Ni ma'aikaciyar jinya ce da ta ajiye aikin gwamnati, kuma tun da na ajiye ban huta ba, don duk gidan da tsoho ya kwanta ciwo a unguwa ni ake aiko wa yaro. Na rubuto muku ne da yawun wasu 'yan'uwana mata da maza da muke wannan hidima tare: tsofaffin ma'aikatan asibiti, matan da ake ɗauka su kwana da tsohuwa a biya su a wata, da 'ya'yan da jinyar iyaye ta zaunar da su a gida. Waɗanda suka fi mu haƙƙin magana su ne dattawan da ke kwance a hannun waɗanda ba jininsu ba. Su kam ba sa rubuta wasiƙa, ba sa kiran gidan rediyo, wasunsu ma harshen ya riga ya karye.

Na san abin da za a fara ce mini, don an sha faɗa mini shi a gidan biki da gidan makoki: "Hajiya, nan ai ba Turai ba ce. Wane ɗan halak ne zai kai uwarsa gidan gajiyayyu?" Gaskiya ne, ni ma ina alfahari da haka. Yawancin tsofaffinmu suna ɗakunansu, jikoki na hawa jikinsu, kuma babu mai fatan wannan ya canza. Musulminmu ya tashi da aya ta 23 ta Suratul Isra'i da ta hana a ce wa iyaye ko da "uf". Kiristanmu na Billiri da Kaltungo ya tashi da umarnin girmama uba da uwa. Sai dai alfaharin ya rufe mana ido a kan abin da ke bayan katangarmu.

Akwai gidan haya da wata ta kama, ta zuba katifu, tana karɓar kuɗin wata daga 'ya'yan da ke aiki a Abuja ko Legas ko ƙasar waje. Akwai ɗakunan da masu addini suka gina saboda Allah. Akwai zauren wani mai hali inda tsofaffin da rikicin Boko Haram ya koro daga Borno da Yobe da Adamawa suka yada zango, 'ya'yansu sun mutu ko sun ɓace, zangon ya zama zama. Akwai gidan mai magani da aka kai dattijo saboda shanyewar ɓarin jiki, wata ya bi wata, ba a zo an ɗauke shi ba. Babu ɗaya daga cikinsu da ya kafa allo a ƙofa ya ce shi gidan kula da tsofaffi ne, amma aikin da yake yi ke nan. Kuma ƙaruwa za su yi. Gidan gandu ya watse, kowane magidanci da ciki da falonsa, surukar da a da take gida yanzu tana makaranta tana koyarwa ko tana kasuwa, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 gidan da ke ciyar da mutum goma ya koma lissafin mudu. Ƙin yarda cewa gidajen nan suna nan bai hana su wanzuwa ba. Abin da ya hana kawai shi ne a duba su.

Ba alfarma muke nema ba. Sashe na 16 na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa kula da tsofaffi da biyan fansho cikin abubuwan da gwamnati za ta sa a gaba, sashe na 17 kuma ya ce a kare yara da matasa da tsofaffi daga cin zali da wofintarwa. Lauyoyi za su ce wannan babin ba a kai gwamnati kotu a kansa, na yarda, amma da kundin gaba ɗaya kuka yi rantsuwa. An sa hannu a kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a watan Janairun 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, shekarar da Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa a kan tsufa. Dokar tarayya ta hana cin zarafin jama'a ta 2015 ta mai da yin watsi da wanda ke ƙarƙashin kulawarka laifi, kuma Gombe ta amince da tata dokar a ƙarshen 2022. Takardu dai ga su nan. Abin da ya rage shi ne su sauko daga kan teburi su isa ƙofar ɗakin da tsoho yake kwance, kuma wannan aikin jiha ne, ba na Abuja ba.

Kokenmu na farko shi ne uwar sauran. A gidajen da ni da abokan hidimata muke shiga, ba mu taɓa cin karo da wanda aka zo aka duba ba. Babu takardar rijista a bango, babu littafin da aka rubuta wane ne ya shigo, ranar da ya shigo, wa ya kawo shi, wane ciwo yake da shi. Mai kemis ba ya buɗe shago sai da izini. Mai makarantar kuɗi sai an zo an ga azuzuwansa. Mahauci ma duba-gari na iya tsayar da shi a kan nama. Amma yau ko ni na ga dama sai in kama gida a Tumfure ko Nasarawo, in tara dattawan mutane, in rufe ƙofa, babu mai ce mini don me. Idan ɗaya ya rasu da dare, a yi masa sutura da safe, a ce kwana ne ya ƙare. Kwana yana ƙarewa, ba mu musa ba. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ajali ya ɗauka a kan tsufansa da wanda ƙishirwa ta kashe ga randa a tsakar gida, kuma idan babu mai tambaya babu ranar da za a bambance.

Na biyu, masu kula da su. A nan zan ɗan daɗe, don nan ne mutuwar take shigowa ba a ji motsinta ba.

An taɓa kira na wani gida in duba wani dattijo, tsohon malamin makaranta, wanda hawan jini ya shanye masa ɓarin dama. 'Ya'yansa ba su yar da shi ba. Duk wata suna turo kuɗi, duk Juma'a suna neman a turo musu hotonsa ta waya. Ana sa masa farar riga da hula, a jingina shi da matashi, a ɗauka. Hoton fes. Da na ce a taya ni juya shi, sai wari ya riga idona. A ƙasan bayansa, daidai inda ƙashi ke danne katifa, akwai gyambo mai faɗin tafin hannu, gefensa ya yi baƙi, cikinsa ya rufta. An shimfiɗa masa leda don kada fitsari ya ɓata katifa, ledar ta riƙe gumi da fitsarin ta dafa fatar. Yarinyar da ke kula da shi ta tsaya tana rawar jiki, ta ce: "Wallahi Mama, kullum ina barbaɗa masa hoda." Ba muguwa ba ce. Ita ke dafa abinci, ita ke wanki, ita ke kwashe fo, ita ke kwana da duk mutanen gidan, kuma babu wanda ya taɓa gaya mata cewa wanda ba ya iya motsi da kansa juya shi ake yi kamar duk bayan awa biyu, dare da rana. Ba a gaya mata cewa jan da fata ta fara yi, wanda ba ya washewa idan an danna, shi ne gargaɗin farko ba. Irin wannan gyambo cikin 'yan kwanaki yake buɗewa, amma warkewarsa sai a yi watanni, idan ma bai zuba guba a jini ya tafi da mutum ba.

Ilimin da ke hana wannan ba na jami'a ba ne. Yadda ake juya mutum ba a ja fatarsa a kan zane ba. Yadda ake zaunar da mai shanyewar jiki tsaye kafin a ba shi kunu, a ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, don maƙogwaronsa ya yi rauni kuma abin da aka ɗura masa a kwance huhu yake gangarawa ya zama ciwon haƙarƙari. Yadda ake kula da robar fitsari. Sanin cewa tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, saboda haka ba jira ake ya nema ba, bi ake ana ba shi. Sanin cewa tsohuwar da jiya take hira yau ta wayi gari tana sambatu ba aljanu ba ne, sau da yawa ciwon mafitsara ne ko ƙarancin ruwa a jiki, kuma asibiti za a nufa. Duk wannan ana iya koyar da shi cikin 'yan makonni. Ba a koyar ba ne kawai.

Sannan a dubi yadda ake biyan su. Yawancin waɗanda na sani albashinsu bai ko kusa da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba, kuma ba su da ranar hutu. Wanda bai yi barci ba, bai ƙoshi ba, aka bar masa mutum biyar masu kashi a kwance, wata rana zai daka tsawa, wata rana zai kai hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama ya gamu da wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda, kuma a gidajen kula da tsofaffi ma'aikata 2 cikin 3 da kansu suka amsa cewa sun aikata wani abu makamancin haka. Wannan fa har da ƙasashen da ke da masu dubawa.

Na uku, ginin kansa. Da dare ana kulle ɗaki ta waje da kwaɗo, wai don kada mai gigin tsufa ya fice. Tagogi duk ƙarafuna. Ƙofar fita ɗaya ce, makullin yana ƙugun mutum ɗaya da ya yi barci a wani sashe. Idan hunturu ya kama, a shigar da kaskon garwashi a rufe ko'ina, ga maganin sauro na kunnawa a gindin katifar soso, ga kyandir in an ɗauke wuta. Ko wuta ba ta tashi ba, hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki kisa yake yi, haka na janareta da aka kunna a baranda kusa da taga. In kuwa ta tashi, ku gaya mini yadda mace ɗaya za ta fitar da mutum shida da ba sa tafiya kafin 'yan kwana-kwana su gano lungun. Ban taɓa ganin tukunyar kashe gobara a ɗaya daga cikin gidajen nan ba, ko da bokitin yashi.

Banɗaki kuma shi ne wurin da ya fi karya tsofaffinmu. Tayil mai santsi, ruwa a ƙasa, babu abin riƙewa a bango, babu fitila, masai na tsuguno ga mai ciwon gwiwa. Faɗuwa ita ce ta biyu a duniya wajen kashe mutane ta hanyar haɗari, bayan haɗarin mota, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi mutuwa da ita. Tsohuwa ta zame ta karya ƙugu, a kira mai ɗori, a ɗaure, a kwantar. Daga wannan kwanciya da yawa ba sa sake tashi. Bututun ƙarfe guda da za a kafa a bango da kujerar wanka ta roba ba su kai kuɗin buhun shinkafa ba. Dokar tarayya ta hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, wa'adin ya cika a Janairun 2024, amma har yanzu ɗaga keken guragu ake yi a tsallake dakali da kwata.

Ga zafi. Kowa ya san Gombe a watan Maris da Afrilu, lokacin da awo ke haura 40. Ɗaki mai rufin kwano ba silin, ba fanka, tsoho na shan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari, wani ma ya nace sai ya yi azumi alhali shari'a ta ɗauke masa. A farkon Afrilun 2024, cikin kwana huɗu kacal, asibitin Gabriel Touré na Bamako a ƙasar Mali ya karɓi mutuwar mutum 102 a tsananin zafi, da yawansu sun haura shekara 60. Zafinsu da namu ɗan'uwan juna ne.

Na huɗu, magani. Leda ɗaya ake tara ƙwayoyin kowa, ba suna, ba lokaci. Na ga inda ake ba mai ciwon suga maganinsa ko ya ci abinci ko bai ci ba, sai a tarar da shi yana gumi ya sandare a ce ciwon ne ya tashi, alhali sugan ne ya faɗi. Allurar insulin da ke son sanyi tana kan taga. Mafi muni, maganin barci da ake sayowa a kemis ba takardar likita a zuba wa mai surutun dare a kunu don gida ya samu lafiya. Ya tashi da jiri, ya faɗi, mu koma maganar ƙugu.

Na biyar ya fi min ciwo, wato yadda ake yi da masu cutar mantuwa. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kamar yadda hawan jini yake ciwo. Mai shi zai manta ya ci abinci, ya zargi mai kula da shi da sata, ya tashi tsakar dare ya ce zai tafi gona ko zai je gaida mahaifiyarsa da ta rasu tun kafin a ƙirƙiro jihar nan. Maganin da aka fi yi masa a gidajen nan shi ne zane a ɗaure ƙafarsa da gado. Na kwance irin wannan ɗaurin da hannuna, na ga inda ya ci idon sawu. Idan mace ce kuma ba ta da gata, tana iya fita tana sambatu a unguwa a ce mayya ce, yara su bi ta da jifa. Mun ga ƙarshen rufe ido a kan wuraren da ake tsare mutane da sunan gyara ko magani. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, kuma gidan ba a daji yake ba, cikin unguwa yake da maƙwabta. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta zo ne don a daina irin wannan, amma wa ya kai labarinta gidan haya a bayan gari?

Sauran zan taƙaita. Katin cirar kuɗin ɗan fansho yana hannun mai gida, babu mai bin lissafi. Ana dangwala yatsan tsoho a takardar gona ko fili bai san abin da ke ciki ba. Ana yi wa dattijuwa wanka ƙofa a buɗe, ko namiji ya canza mata zane. Ana kiran mutumin da ya yi limanci ko ya shugabanci ofis da "kai tsoho". Abinci tuwon da ya kwana ga wanda ba shi da haƙori. Mai son a kai shi masallacin Juma'a ko coci ranar Lahadi sai dai ya ji a lasifika.

Kada a ɗauka ina cewa masu gidajen nan azzalumai ne. Da yawansu sun fi mu tsoron Allah, sun ɗauki nauyin da dangi suka sauke, suna ciyarwa daga aljihunsu. Amma kyakkyawar niyya ba ta juya majinyaci. A Afirka ta Kudu, a 2016, hukumomin lardin Gauteng suka kwashe masu taɓin hankali sama da 1,000 daga asibitocin Life Esidimeni suka rarraba su ga ƙananan ƙungiyoyi don rage kashe kuɗi. Mutum 144 suka mutu, da yawa saboda yunwa da ƙishirwa da rashin kulawa, kuma bincike ya nuna ƙungiyoyin ba su da ingantaccen lasisi. Wannan a ƙasar da tun 2006 take da dokar tsofaffi mai tilasta rijistar gidajen kula da su. Darasin biyu ne: doka wajibi ce, kuma doka ba tare da mai zagayawa ba ado ce.

To ga abin da muke roƙo.

A fara da ƙidaya, tun kafin doka. Rabon ƙasar nan da ƙidayar jama'a tun 2006, saboda haka kada a jira alƙaluma daga sama. Jihar nan ƙananan hukumomi 11 ne, mazaɓu 114, kuma babu mai unguwar da bai san gidan da ake ajiye tsofaffi a unguwarsa ba. A bi ta hannun Mai Martaba Sarkin Gombe, da Mai Tangale, da Mai Kaltungo, da sauran sarakunanmu, a sauka kan hakimai da dagatai da masu unguwa, a haɗa da limamai da fastoci. A sanar cewa duk wanda ke riƙe da tsofaffin da ba danginsa ba, da kuɗi ko saboda Allah, ya zo ya yi rijista. Rijistar ta zama kyauta, kuma a yi alkawarin ba kame a zagayen farko. In aka fara da tara da barazana, ɓoye su za a yi, mu koma inda muka fito.

Majalisa ta yi doka mai sauƙin fahimta, a buga ta da Hausa da Fulatanci da Tangale ba da Turanci kaɗai ba. Kada a kwafo ta Ingila a ce sai gida yana da abin da asibitocinmu ma ba su da shi. A rubuta mafi ƙarancin abin da ba a sassauci a kansa: ƙofar fita biyu, ba kulle mutum ta waje, ba garwashi a ɗakin kwana, abin kashe wuta, abin riƙewa a banɗaki, ruwa mai tsabta, iska, raba maza da mata, mai kula da ke farke da dare, da iyakar yawan mutanen da ma'aikaci ɗaya zai riƙe. Kowane dattijo da fayil nasa da takardar magani da sunan wanda za a kira. A haramta ɗaure mutum da ba shi maganin barci ba da umarnin likita ba. Kuɗinsa da takardunsa a rubuta su gaban shaidu biyu. Duk mutuwa, duk karaya, duk gyambon kwanciya, a sanar da asibitin mazaɓa. Kuma babu wanda za a ajiye a irin wannan gida ba da yardarsa ba muddin yana cikin hankalinsa.

A naɗa masu dubawa, kuma ba sai an ɗauki sababbin ma'aikata ba: nas ɗaya, duba-gari ɗaya, jami'in walwala, da ɗan kwana-kwana. Su riƙa zuwa ba sanarwa, wani lokaci da dare, don da dare ake ganin gaskiyar gida. Kada su tsaya a falo su sha lemo su sa hannu. Su ɗaga zane su duba baya da diddige, su buɗe ledar magani, su keɓe da tsoho su tambaye shi ba a gaban mai gida ba. Gidan da ya gaza a ba shi wa'adin gyara, a taimaka masa da abin da ya fi ƙarfinsa. Wanda aka samu da mugunta a rufe shi a gurfanar da mai shi, amma a tanadi inda za a mayar da mutanen kafin a sa kwaɗo. Sakamakon dubawa a manna shi a ƙofa, don ɗan da ke Abuja ya samu abin dogaro da ya wuce hoton Juma'a.

A horar da masu kulawa. Muna da kwalejin koyon aikin jinya a Gombe, muna da ta kimiyyar lafiya a Kaltungo, ga Asibitin Koyarwa na Tarayya, ga tsangayar likitanci a Jami'ar Jihar Gombe. A buɗe gajeren kwas da Hausa, da satifiket, a bar ƙofa a buɗe ga wadda ba ta gama sakandare ba, don su ne ke aikin. Mu tsofaffin ma'aikata a shirye muke mu koyar. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar lafiyar tsofaffi tun 2012. Mu ba gini muke nema ba tukuna, a ware mana ko rana ɗaya a mako a Asibitin Ƙwararru da manyan asibitocin Kumo da Bajoga da Kaltungo da dattijo zai ga likita ba tare da ya yini a layi ba.

A sa duk tsohon da aka samu a gidajen nan cikin GoHealth, shirin inshorar lafiya na jiha. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta ambaci tsofaffi cikin masu raunin da za a biya wa, saboda haka ƙofar a buɗe take. Ma'aikacin asibitin mazaɓa ya riƙa leƙa su ko sau ɗaya a wata da abin awon jini da na suga. A kuma ba da lambar waya guda da maƙwabci ko ma'aikaciya za su kira su kai ƙara ba tare da an tona sunansu ba, don yarinyar da ta ga ana cuta tana tsoron rasa abincinta.

Abu ɗaya da muke roƙon kada a yi: kada amsar wasiƙar nan ta zama ƙaton gini a bayan gari da za a yanka masa kyalle ranar 1 ga Oktoba, a ɗauki hoto, a bar shi ba ruwa ba ma'aikata. Ranar tana da daɗin biki, na sani, ita ce ranar 'yancin ƙasa, ita ce ranar da aka ƙirƙiro Gombe a 1996, ita ce kuma ranar tsofaffi ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Amma kuɗin ginin in aka karkatar da shi ga iyalan da ke jinya a gida, da katifa mai kyau, da famfas na manya, da keken guragu na aro, da nas mai zagayawa, tsofaffi da yawa ba za su bar ɗakunansu ba tun farko. Kwamitocin zakka da waƙafi da na coci-coci za su shigo in suka ga tsari, su ma neman inda za su sa dukiyar jama'a da kwanciyar hankali suke yi.

Muna roƙon kwamitocin majalisa masu kula da lafiya da walwala su kira zaman jin ra'ayin jama'a, a gayyato masu gidajen da ma'aikatansu da 'ya'yan tsofaffin, a bar su su yi magana da harshen da suka iya. Za mu zo. Ban ambaci sunan gida ko unguwar kowa a nan ba, don ba tozarta wani na fito yi ba, amma na san ƙofofin, kuma duk ranar da aka naɗa masu dubawa zan raka su da ƙafata. Muna so ƙidayar da gyaran ƙofofi da kwashe garwashi su kammala kafin sanyi ya shigo, maganar silin da fanka da ruwan sha kuma kafin watan Maris.

Allah Ya yi muku jagora. Wassalam.

Taku,
Ma'aikaciyar jinya mai ritaya,
a madadin masu jinyar tsofaffi,
Gombe.